Yadda Aka Dafa Dutsen Bobastro

Ƙanena ne ya fara lura da takalmin. Mun fito ke nan daga gidansa a Malaga, gari bai gama wayewa ba, ya tsaya da makullin mota a hannu yana kallon ƙafata.

"Yaya, da wannan sau-cikin za ka hau dutse?"

Na ce masa da shi na hau Dala, da shi na hau Goron Dutse, ya buɗe mota kawai mu tafi. Bai ƙara cewa uffan ba, ya dai koma ciki ya ɗauko gorar ruwa ta biyu. Sai bayan azahar na gane ma'anar shirun nasa.

Barkar haihuwa ce ta kai ni Sifaniya. Hajiya ba ta iya doguwar tafiya yanzu, aka ce ni ne babba, in je in wakilci gida. Bayan suna ya ce zai kai ni Garanada in ga fadar da kowane baƙo ke zuwa ɗaukar hoto. Na ce za mu je, amma akwai wani dutse da nake so in fara gani, sunansa Bobastro, Larabawa kuma suna rubuta shi Bubashtar. Ya daɗe a ƙasar amma bai taɓa jin sunan ba. Ya tambayi maƙwabcinsa, haifaffen garin, shi ma sai da ya duba waya. Ni kuwa tun ina ɗalibin tarihi sunan ya maƙale mini, domin daga kan dutsen nan ne wani mutum da 'ya'yansa suka hana sarakuna huɗu na Ƙurɗuba, babban birnin Musulmin Andalus a lokacin, barci, daga wajen shekarar 880 har zuwa 928.

Tafiyar kusan awa ɗaya ce. Hanya ta bi kwarin kogin Guwadalhorse, lambunan lemo dama da hagu, daga nan ƙasa ta fara tashi, lemo ya ƙare, zaitun ya karɓa. A kan tuddai ga manyan fankokin nan masu samar da lantarki suna juyawa a hankali kamar ba sa so. A cikin motar na ba shi labarin mutumin, Umar ɗan Hafsun, don kada ya ɗauka na fito da shi daga ɗakin mai jego a banza.

Umar ɗan ƙasa ne. Kakanninsa mutanen Andalus ne na asali da suka musulunta, irin waɗanda ake kira muwalladun. A zamaninsa irinsu sun yi yawa ƙwarai, amma manyan muƙamai da filaye masu kyau suna hannun Larabawa da barorin gidan sarauta na Banu Umayya. An haife shi a yankin Ronda. Yana saurayi ya yi faɗa da wani ya kashe shi, ya gudu ya tsallake teku zuwa Tahart, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna a shagon wani tela yana koyon ɗinki. Masu tarihi sun ruwaito cewa a shagon ne wani tsoho ya ji daga inda ya fito, ya dube shi ya ce ya ajiye allura ya koma gida, mulki na jiransa a dutsen Bobastro. Irin wannan tsohon kusan kowane ɗan tawaye yana da nasa a littattafai, kuma kullum sai bayan abin ya faru ake tunawa da shi. Abin da ya tabbata shi ne ya dawo, ya tara 'yan samari, ya kafa tunga a kan dutsen, ya fara da tare hanya.

"To ai ɗan fashi ne, Yaya," in ji ƙanena.

Na ce da haka ya fara. Amma ɗan fashi ba ya shekara kusan arba'in yana mulkin ƙasa. Abin da ya ɗaga shi haraji ne. Ya riƙa ce wa talakawa, Musulminsu da Kiristansu, sarki ya daɗe yana tatsar ku, Larabawa sun mayar da ku bayi, ni na zo in cire muku wannan ƙangi. Magana ce da kunnen mai jin yunwa ba ya ƙi. Har marubutan fada, da ba su da abin kiransa sai zagi, sun amsa cewa a ƙasar da yake riƙe da ita mace takan yi tafiya ita kaɗai da dukiyarta daga gari zuwa gari ba mai tare ta.

Mun tsaya a Ardales, ƙauye fari fat da ya manne a gindin wani dutse mai kangon kagara a kansa. Muka shiga wani ɗan shagon shayi. Ƙanena ya yi wa mai shagon dogon bayani da yarensu, wanda daga baya ya ce mini duk a kan kada a sa mana naman alade ne. Aka kawo burodi mai taushi da aka gasa, da man zaitun, da niƙaƙƙen tumatir da gishiri. Na yi wa abin kallon raini, na ƙare da neman ƙari.

Daga nan hanya ta ƙuntata. Muka wuce manyan madatsun ruwa masu launin shuɗi-kore, muka bar motocin 'yan yawon buɗe ido da ke tururuwa zuwa Kaminito del Rey, wata siririyar hanyar katako da aka liƙa a jikin bangon kwazazzabo, mutane na biyan kuɗi don su tsorata kansu. Mu muka karya kwana muka fara hawa. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, mota na nishi, ni kuma na riƙe madafar ƙofa ina karanta abin da ya sauwaƙa. A bakin hanya muka iske wata 'yar rumfa da mace ɗaya a ciki, muka biya kuɗin shiga kaɗan, ta nuna mana wata turba da ta shige cikin itatuwa masu ganye kamar allura. Ban da mu, sai wasu tsofaffi biyu, mata da miji, da sandunan tafiya da takalma masu haƙora a ƙasa. Matar ta dubi ƙafata, ta dubi mijinta.

Abin da ake zuwa gani a nan coci ne, kuma ba gina shi aka yi ba, sassaƙa shi aka yi. An samu wani ƙaton dutse mai laushi kamar marmara, aka rarake shi daga sama har aka fitar da ɗaki mai layi uku, da ginshiƙai, da bango, duk daga dutse guda. Rufin babu shi. Amma bangon gefe ɗaya na nan tsaye, da bakan gizonsa mai siffar kofaton doki, irin wanda daga baya na gani ɗaruruwa a masallacin Ƙurɗuba. Na shafa bangon, yashi ya biyo yatsuna. Ana iya ganin sawun gizago a wasu wurare, layi-layi, kamar jiya mai aikin ya tafi cin abinci. A kewaye akwai ramukan ajiyar ruwa da na hatsi, da kaburbura da aka fafe a cikin dutsen, ruwan sama ya kwanta a wasu.

Cocin nan shi ne babban kuskuren Umar, a ganina. A shekarar 899 ya bar Musulunci ya koma addinin kakanninsa, ya ɗauki sunan Samuyel. Kafin nan rigimarsa da Ƙurɗuba rigimar haraji da mulki ce, kuma yana da abokai Musulmi da yawa, har da Larabawa da Barbar masu nasu ƙorafin. Da ya yi ridda sai ya miƙa wa fada makamin da ba ta da shi: yaƙarsa ya zama jihadi, wasu manyan mataimakansa suka janye jiki. Kuma mutumin bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya nemi goyon bayan Aglabawa na Tunisiya, ya nemi na sarkin Kiristocin Asturiyas a arewa, da Faɗimiyawa 'yan Shi'a suka kafa daula a arewacin Afirka a 909 ya sa aka riƙa yi wa halifansu addu'a a masallatan ƙasarsa. Kowace rumfa ya gani sai ya fake. Wannan ya sa har yau ake jayayya a kansa. Wasu marubutan Sifaniya na da sun mayar da shi gwarzon kishin ƙasa, marubutan fada kuma suka mayar da shi shaiɗan. Ni da na tsaya cikin cocin, abin da na gani shi ne mutumin da ya san duwatsunsa fiye da yadda ya san inda ya dosa.

Muka koma mota muka ƙarasa can ƙololuwa. Abin takaici, a tsakiyar tudun yanzu wani ƙaton tafki ne na siminti da aka gina a shekarun 1970 don samar da lantarki, ya cinye wani ɓangare na tsohon garin. Amma da muka zagaya bakin gaɓa muka leƙa, gani ya kori ji. Ƙasa ta yanke tsaye, kogi na can ƙasa kamar zare, jirgin ƙasa ya fito daga wani rami ya shige wani kamar tsutsa. Manyan ungulaye suna shawagi, kuma muna kallon bayansu ne, domin a ƙarƙashinmu suke. Mutum goma da duwatsu a hannu za su iya tsare ɗari a kan irin wannan hawa. Doki ba shi da amfani a nan, yawan runduna kuma nauyi ne.

Sarakuna uku sun gwada. Muhammadu na Ɗaya ya tura babban kwamandansa a 883, Umar ya sauko ya miƙa wuya, aka kai shi Ƙurɗuba aka sa shi cikin soja, har ya yi yaƙi a arewa ya nuna bajinta. Ba a daɗe ba ya saɓa da ma'aikatan fada, ya sulale ya koma dutsensa. Munziru, wanda ya gaji Muhammadu, jarumi ne mai zafi. Shi Umar ya yi wa wasan da ya fi kowanne: ya aika cewa ya tuba, a turo masa alfadarai ɗari ya kwaso iyalinsa da kayansa. Aka tura. Ya riƙe alfadaran. Munziru ya fusata ya kafa sansani a gindin dutsen ya ce ba inda za shi, kuma bai je ko'ina ba ɗin, domin a nan ajali ya same shi a 888, rundunarsa ta watse. Ɗan'uwansa Abdullahi ya hau, ya tarar da gida ya kama da wuta ta ko'ina. Ishbiliya, wadda masu kallon ƙwallo suka sani da Sevilla, tana hannun Banu Hajjaj. Badajos ta ɓalle, Toledo ta ɓalle, Saragosa ba ta jin kira. Akwai lokacin da dawakan Umar ke kai hari har unguwannin bakin Ƙurɗuba. Abdullahi ya fita ya karya shi a fagen fama a Poley a 891, nasara mai kyau, amma Umar ya tsere ya haye dutse, aka koma gidan jiya.

Na zauna a kan wani falalen dutse, ƙanena ya miƙo mini gora. A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi a takarda ba. Na dubi tudun da muke kai: dutse ne, da ƙaya, da 'yan itatuwa. Na dubi ƙasa: ga gonaki can a kwari, ga zaitun, ga hanyar da ta nufi teku. Duk abin da mutanen saman nan za su ci, daga can ƙasa zai hauro a bayan jaki. Dutse yana kare mutum, amma ba ya ciyar da shi. Sarakunan farko sun riƙa kallon sama, inda abokin gabarsu yake zaune. Na huɗun ƙasa ya kalla.

Abdurrahman na Uku ya hau gado a watan Oktoba na 912, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Jikan Abdullahi ne, kuma kakan ne ya tsallake 'ya'yansa ya zaɓe shi. Uban yaron tun yana jariri aka kashe shi a rikicin cikin gida, ɗan'uwansa ne ya kashe shi. Don haka ya tashi a fadar da ake kwana da ido ɗaya. Marubuta sun siffanta shi da fari, mai shuɗin ido, gajeren ƙafa, har yana rina gemunsa baƙi don ya yi kama da kakanninsa na Sham.

Bai fara da Bobastro ba. A farkon 913 babban wazirinsa Badar ya karɓe Esiha, garin da ke kusa da Ƙurɗuba, ya rushe ganuwarsa. A bazarar shekarar sarkin ya fita da kansa, abin da kakansa ya daɗe da dainawa, ya nufi gabas, yankunan Jayyan da Ilbira, inda ƙananan masu kagara suke biyayya ga Umar. An ce a fita ɗaya nan ya karɓi kagara kusan saba'in. Yawancinsu ba da takobi ba. Yakan tsaya a gindin dutse ya aika da saƙo: sauko, ranka da dukiyarka da iyalinka suna cikin amana. Wanda ya sauko sai a kwashe shi da iyalinsa zuwa Ƙurɗuba, a ba shi gida, a yanka masa albashi, a sa shi cikin runduna. Kagararsa kuma a zuba mata dakarun sarki ko a rushe ta, talakawan da ke sama a sauko da su fili su koma noma inda mai karɓar haraji zai iya kai musu. Wanda ya ƙi, kamar mutanen Hubiles a duwatsun Alpuharas, aka kafa musu majaujawar jifa da duwatsu, aka datse musu ruwa, aka sassare gonakinsu, da suka faɗi aka fille kawunan mutanen Umar da ke ciki. Labari biyu ke nan suka riƙa yawo tare daga dutse zuwa dutse: wanda ya sauko ya ga alheri, wanda ya tsaya ya ga tsiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya riƙe alkawarin. A zamanin kakansa an saba da sulhun da ake warwarewa kafin tawada ta bushe, daga kowane ɓangare. Shi kuwa ya gane cewa amanar da aka cika wa mutum ɗaya tana buɗe ƙofar kagara goma. Kafin ƙarshen 913 Ishbiliya ta dawo hannu. A 914 ya gangara kudu har Aljazira, tashar da ke kallon Maroko, ya ƙone jiragen da ke kawo wa Umar abinci da kaya daga tsallaken teku, ya zuba nasa jiragen suna sintiri a gaɓar. Daga inda nake zaune na juya na kalli kudu, inda tekun yake a bayan duwatsu, na ga yadda aka rufe wa mutumin ƙofar baya.

Sai fari ya zo, da yunwa mai tsanani a 915, ta kama kowa, mai tawaye da mai biyayya. Umar ya tsufa, ya nemi sulhu, a 916 aka ba shi, aka bar masa kagarai masu yawa a hannunsa bisa sharaɗin biyayya. Wani sarkin zai ga wannan kamar faɗuwa ce. Abdurrahman ya san shekarun Umar, ya san nasa. A 918 Umar ya mutu a kan shimfiɗarsa, a saman dutsen nan, ba wanda ya taɓa cin garinsa da yaƙi.

Ƙanena ya ce, "Ashe dai shi ya ci."

Na ce ya bari mu ga abin da ya bar wa 'ya'yansa.

Labarin ya tuna mini da Ningi, na kuma faɗa masa. Malaman da suka bar ƙasar Kano a kan rigimar haraji a tsakiyar ƙarni na 19 suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen dutsen da ba Musulmi ba, suka shekara da shekaru suna hana Kano da Bauci sakat. Dawakin sarakuna su zo, su yi ta zagaye, damina ta kore su. Duk inda aka haɗa dutse da ƙorafin haraji, to mai sarauta ya shirya doguwar jinya.

'Ya'yan Umar huɗu ne suka shiga tarihi, kuma ba su ga-maciji da juna. Ja'afar ya gaji uban, a 920 mutanen cikin gida suka kashe shi a Bobastro. Wani, mai sunan Abdurrahman shi ma, tun da wuri ya miƙa kagararsa ya karɓi amana, ya koma Ƙurɗuba yana cin abinci da kyawun rubutunsa, yana kwafar littattafai. Sulaiman, wanda ya fi su zafi, ya karɓi ragama. A zamaninsa ne aka yi ainihin dahuwar. Kusan kowace bazara runduna ta zo, ba don ta hau ba. A sare inabi, a sare ɓaure, a ƙone hatsi kafin girbi, a ɗauke kagara ɗaya ko biyu daga cikin na kewaye, a koma. Daga baya sarki ya sa aka gina tungaye na dindindin a tuddan da ke fuskantar Bobastro, babbar cikinsu ana kiranta Talhira, aka zuba dakaru da kasuwa, suna kwana suna tashi a kan idon mutanen dutsen. Mu da muka san ribaɗi irin na Wurno ba sai an yi mana dogon bayani ba. Matar rumfar nan ta nuna mana da hannu wasu tuddai da masu haƙar tarihi suka samu burbushin irin waɗannan sansanoni. Kusancinsu ya ba ni mamaki. Mai gadi a can zai iya ganin hayaƙin girkin nan, ya kuma san ranar da hayaƙin ya ragu.

A 927 Sulaiman ya fito wata arangama a kusa da dutsen, aka kashe shi. Saura Hafsu. Ya daure wata shida cikin ƙawanya, a watan Janairu na 928 ya aika a ba shi amana, aka ba shi. Aka sauko da shi da iyalinsa zuwa Ƙurɗuba, aka sa shi cikin runduna kamar sauran. Shekara 15 da 'yan watanni ke nan daga hawan Abdurrahman. Babu wani gagarumin hari na ƙarshe, babu tsani a jikin ganuwa. Ƙofa aka buɗe daga ciki.

Azahar ta yi mana a can sama. Muka yi alwala da ragowar gora ta biyu, muka duba alƙibla a waya, muka yi sallah a inuwar wata itaciya, iska na kaɗa mana riguna. A wajen saukowa zuwa inda muka ajiye mota ne sau-cikina ya ci amanata. Busassun ganyayen nan masu kama da allura sun rufe dutsen, santsinsu ya fi na kuɓewa. Ƙafa ta tafi, na zauna daɓas, na yi 'yar tafiya a zaune kafin wani kututture ya tare ni. Wando ya yage, tafin hannu ya ɗaye. Ƙanena ya rugo yana "Sannu Yaya, sannu," fuskarsa a ɗaure tamau, amma kafaɗunsa na rawa. Na ce ya yi dariyarsa ya huta. Ya yi har da hawaye.

Kwana biyu bayan haka muka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Ƙurɗuba, tafiyar kusan awa ɗaya, ni da sabon takalmin roba da ya saya mini ba tare da ya ce komai ba. Masallacin garin, wanda yanzu babban coci ne, ba zan tsaya siffanta shi ba, wasu sun yi kafin ni kuma sun fi ni. Ba a barin Musulmi ya yi sallah a ciki, masu gadi na lura. Hasumiyar da Abdurrahman ya gina tana nan, amma an lulluɓe ta a cikin hasumiyar ƙararrawa. Na tsaya a tsakar gidan cikin itatuwan lemo na tuna cewa malaman wannan gari Malikawa ne irinmu, kuma ruwayar Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu ta hannun wani malamin nan ta biyo, Yahaya ɗan Yahaya Allaisi.

Abin da ya kawo ni yana bayan masallacin, wajen kogi. A watan Maris na 928 Abdurrahman ya je Bobastro da kansa, ya zagaya, ya yi sallar godiya. Sannan ya sa aka tone kabarin Umar da na Ja'afar a gaban malamai da shaidu. Aka same su kwance rigingine, hannuwa a harɗe a ƙirji, yadda Kiristoci ke binne nasu, ba a kan gefen dama suna fuskantar alƙibla ba. Aka rubuta shaida, aka kwaso ƙasusuwan zuwa Ƙurɗuba, aka gicciye su a kan dogayen itatuwa a Babus Sudda, babbar ƙofar fada da ke kallon kogi, kusa da gawar Sulaiman. Suka shekara da shekaru a wurin har wata ambaliya ta tafi da su.

Na san dalilin siyasar. Yana so kowa ya gani da idonsa cewa wanda aka shekara kusan arba'in ana yaƙa mai ridda ne, ba Musulmin da aka zalunta ba, kuma yana shirin wani babban abu. A watan Janairu na 929 aka hau mumbari ranar Juma'a aka kira shi Amirul Muminina, Annasiru li Dinillahi. Kakanninsa na Andalus duk sun tsaya a kan laƙabin amir, shi ya ce shi halifa ne, kishiyar na Bagadaza da na Faɗimiyawa, ya fara buga dinarin zinariya da sunansa. Badajos ta faɗo a 930, Toledo a 932, Saragosa a 937, kusan duk da dabarar da ya gwada a Bobastro. Ya yi mulki har 961. Duk da haka tonon kabarin bai kwanta mini ba. Mutumin da ya san darajar cika wa rayayye alkawari, ga shi ya rasa haƙurin barin matacce ya kwanta, ya tsaya yana faɗa da ƙashi shekara goma bayan mai ƙashin ya tafi inda za a yi masa hisabin da ya fi nasa.

Ƙofar babu ita yanzu. Inda fadar take akwai gidan bishop da wasu gine-gine, sai titi, sai kogin Wadil Kabir, wanda bakin mutanen nan ya mayar Guwadalkibir. Ruwan ya ja baya, tsibiran ciyawa sun fito, agwagi na kiwo a gindin wani tsohon keken ɗiban ruwa na katako. Na jingina da bangon bakin kogin ina auna inda itatuwan za su kasance. Wani saurayi na kaɗa jita a kan gadar Rumawa, 'yan mata na ɗaukar hoto. Hafsu na faɗo mini a rai, sabon sojan sarki, da albashinsa da gidansa a cikin birnin nan, wanda duk ranar da aiki ya kira shi fada sai ya bi ta gaban ƙofar.

"Yaya, jirginmu ƙarfe shida ne," in ji ƙanena, "kuma ka ce za ka saya wa Hajiya man zaitun."

Muka haura ta cikin lunguna muna neman shago.